Sinawa, Japanawa da Koriyawa: wai da gaske kakansu ɗaya?

'Yar Zazzau:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni ga masu ilimin tarihi. Mun yi musu da yayana a kan finafinan Koriya da nake kallo. Shi a wurinsa duk 'yan Chana ne, wai Japan da Koriya ɓallewa suka yi daga Sin, kakansu ɗaya, yarensu ma kusan ɗaya. Na ce a'a, da ya ce in kawo hujja sai na rasa ta cewa. Kuma in dai 'yan'uwa ne, me ya sa a finafinan tarihin Koriya sau da yawa Bajapane ne mugun?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, yayanki bai yi nisa da gaskiya ba. Na daɗe ina zuwa Gwanzu sarin kaya, kuma da idona na ga Japanawa masu zuwa baje koli suna duba allunan kan titi suna gane inda suka dosa ba tafinta. Su duka da tsinke biyu suke cin abinci, shinkafa ce cimarsu. Sin ce uwa, sauran biyun 'ya'ya ne da suka girma suka yi gidan kansu.

Malamin Labarin Ƙasa:
Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma a nan kam zan saɓa maka. Gane allo daban, jin yare daban. Mu ma mun ari haruffan Larabci mun yi ajami, mun kwashi kalmomin Larabci ba iyaka, amma Hausa ba ta zama Larabci ba. Hasali ma tsakanin Hausa da Larabci akwai dangantaka ta can nesa wadda babu ita tsakanin Sinanci da Japananci. Sinanci ɗan dangin harsunan Tibet da Bama ne, kalmominsa gajeru, karin sauti yana juya ma'ana, aikatau yana zama a tsakiyar jimla. Japananci da Koriyanci kuwa aikatau sai a ƙarshe, kuma da ɗafa-ƙeya suke gina magana, ana ta liƙa wa kalma wutsiyoyi. Rubutu suka ara daga Sin, saboda ita ta riga su da nisa: a Anyang ta ƙasar Sin an tono ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru masu rubutun daular Shang tun wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam. Rubutun nan bai zauna daidai a bakin Bajapane ba, shi ya sa suka yanko wasu alamominsa suka sassauƙa su suka zama haruffan da ake kira "kana", suke haɗawa da na Sin har yau. Abin da ka ga suna ganewa a allo ke nan. Sa su su buɗe baki da mai shago ka ga yadda za a koma maganar kurame.

Ɗan Kwari:
To ai ko a cikin Sin ɗin haka ne, Malam. Mutumin Gwanzu in ya juya harshensu na Kanton, wanda ya zo daga Beijing ba ya tsintar komai. Amma duk Sinawa ne. Me zai hana Bajapane ma ya zama haka?

Malamin Labarin Ƙasa:
Tambaya mai kyau. Bambancin shi ne harshen Kanton da Mandarin na mutanen Beijing reshe biyu ne na bishiya ɗaya, ana iya bin sawun kalmominsu har zuwa tsohon Sinanci. Japananci bishiyarsa daban. Kuma babu wani zamani a tarihi da wata daular Sin ta mulki Japan, balle a ce ta ɓalle. Ko sau ɗaya.

Uwar Biyu:
Malam, to su Japanawan daga ina suka faɗo tsibirin?

Malamin Labarin Ƙasa:
Hajiya, gauraye ne. Akwai mutanen farko, mafarauta da masunta, da ake kira Jomon, sun yi dubban shekaru a tsibiran. Daga baya, ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, manoman shinkafa suka ƙetaro daga zirin Koriya zuwa arewacin Kyushu da noman fadama da aikin ƙarfe, su ne ake kira Yayoi. Cakuɗuwarsu ta haifi Japanawan yau. Ƙabilar Ainu ta Hokkaido ta fi kowa riƙe jinin na farkon. Saboda haka in ma zumunci ake nema, ya fi kusa tsakanin Japan da Koriya. A 2001 Sarki Akihito da bakinsa ya ce yana jin kusanci da Koriya, domin tsohon kundin tarihinsu ya nuna mahaifiyar Sarki Kanmu daga zuriyar Sarki Muryeong na masarautar Baekje ta Koriya take.

Amma ni abin da nake so 'yan zaure su yi shi ne su buɗe taswira, don kusan duk amsar tambayar ƙanwarmu tana can. Sin makekiyar ƙasa ce, murabba'in kilomita miliyan 9.6, amma yammacinta tudun Tibet ne da hamadar Taklamakan, arewa kuma Gobi. In ka ja layi daga Heihe a arewa maso gabas zuwa Tengchong a kudu maso yamma, kusan kashi 94 cikin ɗari na jama'a suna gabashin layin, a kwarin Rawayan Kogi da na Yangtze da bakin teku. Barazanar da ta hana sarakunan Sin barci daga arewa take zuwa, daga makiyaya mahaya dawaki. Can suka fuskantar da Babbar Ganuwa, kuma duk da ganuwar Mangolawa sun mulke su daga 1271 zuwa 1368, Manchu daga 1644 zuwa 1912.

Koriya ziri ce da ta zubo daga jikin nahiya, kusan kashi 70 cikin ɗari duwatsu, kogin Yalu da na Tumen ne kawai tsakaninta da Sin. Soja zai iya takowa da ƙafa. Japan kuwa tsibirai ne, manya huɗu: Honshu, Hokkaido, Kyushu, Shikoku, kuma ruwan da ya raba ta da Koriya ya kai wajen kilomita 200. Wannan ruwa bai yi faɗin da zai hana malami da ɗan kasuwa ƙetarewa ba, amma ya isa ya wahalar da rundunar yaƙi. Shi ya sa Japan ta samu damar zaɓar abin da take so daga Sin ta bar wanda ba ta so, Koriya kuwa dole ta koyi zama da babban maƙwabci. Kuma duk ranar da ɗaya daga cikin manyan biyu ya so kai wa ɗaya hannu, ta kan Koriya yake bi.

Bakanike:
Wato Koriyawa raggwaye ne ke nan, kowa ya zo ya taka. Ni dai a bar ni da Japan. Wanda ya taɓa kwance injin Toyota ya san mutanen nan ba sa wasa.

'Yar Zazzau:
Haba Yaya Bakanike, wayar da kake rubutun nan da ita ma ƙila Samsung ce.

Ɗan Damagaram:
Maigida Bakanike, janye kalmar raggwaye. A shekara ta 612 Sarki Yang na daular Sui ta Sin ya ɗauko gayya ya nufi Goguryeo, ɗaya daga masarautu uku na Koriya a lokacin, sauran su ne Baekje da Silla. Sarkin yaƙinsu Eulji Mundeok ya yi ta ja da baya yana janyo su ciki har abinci ya ƙare musu, sannan ya far musu a kogin Salsu. Kundin tarihin Sin ɗin kansa ya ce cikin mutum 305,000 da suka kutsa, 2,700 ne suka koma. Shekara shida bayan haka daular Sui ta rushe. Da daular Tang ta zo sai ta canja dabara, ta haɗa kai da Silla, suka ci Baekje a 660, suka ci Goguryeo a 668. Tang ta so ta zauna daram, Silla ta juya mata, zuwa 676 ta fitar da ita daga mafi yawan zirin. Ƙasar da ta yi shekara sama da dubu a gefen Sin ba ta narke ta zama lardi ba, ba a kiranta raguwa.

Malamin Labarin Ƙasa:
Madalla da ɗan'uwa na Damagaram. In ƙara da cewa a cikin wannan rikicin ne Sin da Japan suka fara gwabzawa. Baekje ƙawar Japan ce, ita ce ma ta aika mata da addinin Buda a ƙarni na 6, da malamai da magina. Da ta faɗi sai Japan ta turo jiragen ruwa don ta tashe ta, aka haɗu a bakin kogin Baekgang a 663, rundunar Tang da Silla ta ƙone musu jirage ɗaruruwa. Ku lura da inda aka yi yaƙin: a Koriya.

Abin sha'awa, Japan ba ta yi fushi ta rufe ƙofa ba. Sai ma ta ƙara tura ɗalibai da jakadu zuwa Chang'an, babban birnin Tang, ta kwaikwayi tsarinsa ta gina Nara a 710 da Kyoto a 794. Da ta ga ta ƙoshi, kuma Tang ta fara tangal-tangal, sai ta daina tura jakadun a 894. Dubi kuma abin da ta ƙi ɗauka. A wancan zamani Sin tana zaɓen ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa a kan littattafan Kwanfishiyas, babban malaminsu na da. Koriya ta ɗauki wannan tsari a 958 ta riƙe shi har 1894, malamai masu alƙalami suka zama su ne manya. A Japan abin bai yi saiwa ba, mulki ya koma hannun mayaƙa, samurai, da shugabansu shogun, tun ƙarshen ƙarni na 12, sarki yana Kyoto ana girmama shi amma ba shi ke yanka ba.

Ɗan Kwari:
Malam, duk abin da kake faɗa ni nake ji yana ƙarfafa. Rubutu daga Sin, tsarin birni daga Sin, jarrabawa daga Sin. Kuma na ji Koriya har caffa take kai wa Beijing. Wanda yake kai caffa ai bara ne.

Ɗan Damagaram:
Alhaji, ranka ya daɗe, caffar nan sai an duba ta da kyau. Gaskiya ne daular Joseon ta Koriya, wadda aka kafa a 1392, tana tura jakadu da gaisuwa zuwa Beijing, sarkin Sin yana tabbatar da naɗin sarkinta, tana amfani da kalandarsa. Amma harajinta, shari'arta, sojanta, duk a hannunta suke, babu gwamnan Sin zaune a Seoul yana mulki. Kuma jakadun ba hannu rabbana suke dawowa ba, tafiyar kasuwanci ce babba. Farashin zaman lafiya ne da wanda kuke iyaka ɗaya. Japan da ruwa ya kare ta tun 607 ta aika wa sarkin Sui takarda tana kiran nata sarkin Ɗan Sama na inda rana ke fitowa, shi kuma na inda take faɗuwa. Ransa ya ɓaci, amma me zai yi? Sarkin Koriya bai isa ya rubuta irin wannan ya kwana lafiya ba.

'Yar Zazzau:
To rubutun da nake gani a finafinansu mai da'ira-da'ira fa? Bai yi kama da na Sin ba.

Malamin Labarin Ƙasa:
Shi ne Hangul, kuma yana cikin abin da Koriyawa suka fi tinƙaho da shi. Sarki Sejong ya ƙirƙiro shi a 1443, aka yaɗa shi a 1446, haruffa 28 a lokacin, yanzu 24 ake amfani da su. Dalilinsa shi ne talaka ba shi da shekarun da zai kashe yana haddace dubban alamomin Sin. Baƙaƙen an zana su ne bisa yadda harshe da leɓe da maƙogwaro suke zama wajen furta su. Manyan malaman fada ba su so ba. A 1444 wani babba cikinsu, Choe Manri, ya rubuta wa sarki ƙorafi cewa barin rubutun Sin zubar da girma ne. Haka aka bar Hangul ga mata da talakawa da masu rubuta wasiƙa, sai a 1894 ya shiga takardun gwamnati. Alhaji zai ce ga hujjarsa, ni kuma in ce sarkin da ya ga dole sai an yi wa harshensa haruffan kansa ya san harshen ba Sinanci ba ne.

Uwar Biyu:
Ku dawo kan tambayar yarinyar nan ta biyu don Allah. Gabar daga ina ta samo asali?

Ɗan Damagaram:
Hajiya, sau biyu aka yi babban ƙetare kafin zamanin Turawa, kowanne ta kan Koriya. Na farko daga nahiya zuwa tsibiri. Mangolawa sun yi ta kai wa Koriya hari daga 1231 har ta sallama a 1259, sannan Kublai Khan ya tilasta mata sassaƙa jirage da ba da sojoji don a ci Japan. An je a 1274, an koma a 1281 da mutum fiye da dubu ɗari, samurai suka tare su a gaɓar Hakata, mahaukaciyar guguwa ta zo ta farfasa jiragen. Daga nan Japanawa suka samu imanin cewa ƙasarsu kariyar sama gare ta.

Na biyu daga tsibiri zuwa nahiya, kuma shi ne ya bar tabo. Toyotomi Hideyoshi, bayan ya haɗe kan Japan, sai ya ce Sin yake so, Koriya ta ba shi hanya. Ta ƙi. A 1592 ya sauke soja wajen 158,000 ta Busan, riƙe da bindigogin da suka koyi ƙerawa daga Turawan Fotugal tun 1543. Cikin mako uku sun shiga Seoul, Sarki Seonjo ya gudu har Uiju a bakin Yalu. Abin da ya ceci ƙasar abu uku ne: talakawa da malaman Buda da suka ɗauki makami, rundunar da daular Ming ta Sin ta turo, da kuma Yi Sun-sin a kan ruwa, wanda ya yi ta nutsar da jiragen da ke kawo wa Japanawa abinci da harsashi. A 1597 a mashigin Myeongnyang, da jirage 13 kacal ya tare ayarin da ya ninka nasa sau da yawa, ya yi amfani da ƙuncin wurin da juyawar igiyar ruwa. An kashe shi a yaƙin ƙarshe a Noryang a 1598, shekarar da Hideyoshi ya mutu aka janye. Gunkinsa yana tsakiyar Seoul yanzu, kusa da na Sejong.

A Kyoto kuwa har yau akwai wani tudu, Mimizuka, inda aka binne hancin mutum wajen 38,000 da aka yanko daga Koriya a matsayin shaidar yawan waɗanda aka kashe. An kuma kwashi maginan tukwane da ƙarfi aka kai Kyushu, su suka kafa sana'ar tangaran ta Arita da Japan ta yi suna da ita.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Hanci kuma?

Bakanike:
To wannan ai tsohon zance ne, shekara ɗari huɗu. Wace ƙasa ce ba ta yi yaƙi a da ba? Ni abin da na sani, lokacin da Bature ya zo, Japan ce kaɗai ta farka. Sin tana ta shan wiwi.

Malamin Labarin Ƙasa:
Ba wiwi ba ne, ofiyom ne, kuma Ingila ce ta yi ta shigo da shi daga Indiya. Da Sin ta hana, aka yi yaƙi daga 1839 zuwa 1842, ta sha kashi, ta ba da Hong Kong. Ka ga ƙasar da ta shekara dubu biyu tana tsaron ƙofar arewa, sai ɓarawo ya shigo ta teku.

Amma maganarka ta farkawa tana da ƙamshin gaskiya. Bayan yaƙin Hideyoshi an yi sulhu, gidan Tokugawa mai riƙe da sarautar shogun ya karɓi jakadun Koriya sau 12 tsakanin 1607 da 1811, aka yi shekara fiye da 250 ba yaƙi tsakaninsu. Japan ta taƙaita hulɗa da Turawa, ta bar 'yar kafa ɗaya a Nagasaki ga mutanen Holan, kuma ta wannan kafa take jin labarin duniya, har da abin da ya sami Sin. Da jiragen yaƙin Amurka suka zo a 1853 ƙarƙashin Perry, sun riga sun san ƙarshen mai taurin kai. A 1868 aka kifar da shogun, aka dawo da mulki da sunan Sarki Meiji. A 1871 manyan gwamnati da kansu suka tafi Amurka da Turai, kusan shekara biyu suna duba masana'antu da makarantu da barikoki. Matsalar ita ce ba injin kaɗai suka koyo ba, har da mulkin mallaka. A 1876 suka yi wa Koriya abin da Perry ya yi musu, suka tilasta mata yarjejeniyar Ganghwa. Suka ci Sin a yaƙin 1894 zuwa 1895 suka karɓe Taiwan. Suka ci Rasha a 1905. Yaƙoƙin nan biyu duk a kan wa zai riƙe Koriya aka yi su. A 1910 suka haɗiye ta gaba ɗaya.

Bakanike:
Suka gina mata layin dogo da masana'antu da makarantu. In ba don haka ba da yaushe Koriya ta Kudu za ta ƙera Hyundai?

Jikan Soja:
Yaya Bakanike, wannan ita ce hujjar da kowane ɗan mulkin mallaka yake bayarwa, mu ma an faɗa mana ita a kan dogon Kano zuwa Ikko. Dogon na kwasar kaya ne. Shinkafar Koriya Japan ake kai ta, manomin da ya noma ta yana cin gero da ake shigowa da shi daga Manchuriya. Da jama'a suka fito zanga-zangar lumana ranar 1 ga Maris 1919, da bindiga aka amsa musu. A 1936 Sohn Kee-chung ya ci zinare a gudun fanfalaki a Berlin, amma da tutar Japan a ƙirjinsa da sunan Japananci, jaridar da ta goge tutar a hotonsa aka dakatar da ita. Daga baya aka kori Koriyanci daga makarantu, a 1940 aka matsa wa mutane su canja sunayen gidajensu zuwa na Japan. Aka kwashi maza aikin tilas a ramukan kwal, aka kwashi 'yan mata aka kai wa sojoji a sansanoni. Su manyan masana'antun da kake faɗa yawancinsu a Koriya ta Arewa suke, kuma yaƙin Koriya na 1950 ya ragargaza su.

Sin ma ta ɗanɗana. An ƙwace Manchuriya a 1931, yaƙi ya game ƙasa a 1937, a Disambar shekarar aka shiga Nanjing. Kotun Tokiyo ta bayan yaƙi ta ce an kashe sama da 200,000, Sin ta ce 300,000.

Kuma kada mu ɗauka abin ya yi mana nisa. Kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kai Bama, runduna ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Japanawa a dazukan Arakan da kwarin Kaladan. Barikin Arakan da na Myhoung a Legas, da Burma Camp a Ankara ta Gana, duk daga can sunayen suka zo. Ƙanwarmu ta Zazzau, barikin Chindit da ke garinku ma haka.

'Yar Zazzau:
Ikon Allah! Kullum sai na wuce ta wajen, ban taɓa kawo Japan a raina ba.

Bakanike:
Allah ya jiƙan kaka. Amma ai an jefa musu nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, sun biya. Kuma sun ba da haƙuri. Sai yaushe za a bar maganar?

Jikan Soja:
Amin. Cikin waɗanda bam ɗin Hiroshima ya kashe akwai dubban Koriyawa, da yawansu aikin tilas ya kai su. Haƙuri kuwa an bayar, ba a musu: a 1965 da aka maido da hulɗa Japan ta ba Koriya ta Kudu kyautar dala miliyan 300 da rancen miliyan 200, a 1993 kakakin gwamnatin Japan Kono ya amsa hannun soja a maganar matan nan, a 1995 Firaminista Murayama ya nemi gafara. Abin da ke tayar da ƙurar shi ne wurin ibadar Yasukuni a Tokiyo, inda tun 1978 aka sa sunayen manyan masu laifin yaƙi 14 cikin waɗanda ake girmamawa. Duk ranar da wani babba a gwamnati ya je can, Beijing da Seoul sai su ce haƙurin na fatar baki ne.

Ɗan Damagaram:
Ina so in dawo kan Malam, don na yarda da rabin maganarsa ne kawai. Ya ce amsa tana cikin taswira. To Koriya ta Arewa da ta Kudu ziri ɗaya ne, duwatsu ɗaya, harshe ɗaya, kakanni ɗaya. A Agustan 1945 hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka duba taswira suka zaɓi layin digiri na 38 ya zama iyaka don Seoul ta faɗo ɓangarensu, Rasha ta amince. Babu kogi a wurin, babu tsauni, babu iyakar da tarihi ya sani. Yau ka dubi hoton tauraron ɗan'adam da dare, Kudu fes da haske, Arewa duhu sai ɗigon Pyongyang. Wannan ba dutse ya yi shi ba, mutane ne da shawarar da suka yanke. Haka ma Meiji. Ruwa bai sa kowa ya tafi Turai koyon aiki ba.

Malamin Labarin Ƙasa:
Ban ce taswira ce ke yanke hukunci ba, cewa na yi ita ke raba wa kowa irin matsalar da zai fuskanta. Ka tambayi kanka me ya sa Koriya aka raba, alhali Japan ce ta yi laifin. Saboda sojan Rasha zai iya takowa cikin Koriya da ƙafa, kuma ya tako, Japan kuwa sai da jirgi, jiragen kuma na Amurka ne. Sannan da yaƙi ya ɓarke ranar 25 ga Yuni 1950, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tura har kusa da Yalu, me shugaban Sin Mao ya yi? A Oktoba ya turo dubban ɗaruruwa suka ƙetare kogin, har ɗansa Mao Anying ya mutu a can. Abin da Ming ta yi a 1592 ke nan, kuma dalilin bai canja ba: Sin ba ta yarda abokin gaba ya tsaya a bakin Yalu. Daular sarakuna ta yi haka, 'yan gurguzu sun yi haka.

Ɗan Damagaram:
Wannan ya bayyana me ya sa aka raba. Bai bayyana me ya sa ɗaya ke sayar wa duniya jiragen ruwa da wayoyi, ɗaya kuma aka yi yunwa a cikinta a shekarun 1990 ba.

Uwar Biyu:
Wai har yanzu ba a gama yaƙin ba, haka ne?

Jikan Soja:
Haka ne Hajiya. Tsagaita wuta kawai aka sa wa hannu ranar 27 ga Yuli 1953, ba yarjejeniyar zaman lafiya ba. Tsakaninsu akwai fili mai tsawon kilomita 250 da faɗin kilomita 4, cike da nakiyoyi. Habasha ma ta tura sojoji wancan yaƙin, bataliyar Kagnew, a ɓangaren Kudu.

Ɗan Kwari:
To na ji duka. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa Sin ce babbar gida, ko ba uwa ba ce to malama ce. Amma shawara ga masu zuwa sari: kada ka kuskura ka ce wa Bakoriye ɗan Chana, ko ka yabi Japan a gaban tsohon Basine kana tsakiyar ciniki, farashi zai tashi. Kuma su kansu Sinawan ba iri ɗaya ba ne, gwamnatinsu ƙabila 56 ta lissafa. Mu a Gwanzu wurin 'yan Hui muke cin taliyar halal, mu yi Juma'a tare da su, ga tsohon masallacin Huaisheng nan a cikin gari.

Bakanike:
Alhaji, malamar da ɗalibinta ya zane ta a 1895?

Ɗan Kwari:
Je ka duba wa ya wuce wa a tattalin arziki tun 2010, sannan ka duba kayan gyaran da ke shagonka ka gaya mana nawa ne na Japan na asali.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi hattara, kada a koma gugar zana. Maganar Arewa da Kudu da ɗan'uwa na Damagaram ya tayar ta isa zare na kanta, wanda ya shirya ya buɗe. Malam, kai ake jira da amsa.

Malamin Labarin Ƙasa:
Ina da aji yanzu. Ɗan Damagaram ya buɗe, amma ya zo da bayanin yadda Arewa ta fi Kudu masana'antu da wutar lantarki a shekarun farko bayan rabuwa, don daga nan zan kama shi.